Shin VPN zai cece ni ranar da aka ɗauke sabis?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan POS ne, kuma ina ɗan taɓa sayar da takalma ta WhatsApp, kaga duk abincina a cikin waya yake. Duk sanda aka fara maganar zaɓe ko zanga-zanga sai gabana ya riƙa faɗuwa kar a sake ɗauke netwok kamar yadda aka yi a Zamfara. Wani abokina ya ce in dai na saka VPN to babu gwamnatin da ta isa ta hana ni hawa intanet. Gaskiya ne? Kuma wai da gaske mutum ɗaya zai iya zama a Abuja ya kashe wa ƙasa gaba ɗaya intanet?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka abu biyu kake son sani, na farko ko gwamnati tana da ikon ɗauke mana sabis duk sanda ta ga dama, na biyu kuma ko VPN zai fitar da kai in an yi hakan. To abokinka rabin gaskiya ya faɗa maka, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar mai sana'a irin taka. VPN, wato manhajar da take ɓoye wa kamfanin layinka shafin da kake buɗewa, yana aiki ne idan shafi ɗaya ko manhaja ɗaya aka toshe, amma in ƙarfen sabis ɗin unguwarku aka kashe, wallahi ko VPN goma ka loda babu abin da za su yi maka. Ni aikina gyaran kwamfuta ne da haɗa wa ƙananan makarantu da shagunan buga takardu netwok, don haka ta ɓangaren da na sani zan ba ka amsa, maganar shari'a kuma iya abin da kowa ya gani a fili zan taɓa tunda ni ba lauya ba ne.

Ta ina intanet ɗin ma yake zuwa?

Mutane da yawa gani suke kamar a iska yake, tunda ba sa ganin waya a jikin wayarsu. Gaskiyar ita ce iskar ɗan guntu ce kawai, daga hannunka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa da kai, daga nan kuma yawanci igiyar faiba ce a binne a gefen titi take ɗaukar saƙonka zuwa cibiyar kamfanin layinka, daga can a gangara da shi Legas, a Legas ɗin ne manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suke fitowa, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da ACE, sai Equiano na Google da ya iso a 2022. Kaga kenan hoton takalmin da ka tura wa wata kwastoma a bayan layinku zai iya yin doguwar tafiya kafin ya dawo mata. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi ne, da igiyoyi huɗu suka samu matsala a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa? Ranar nan babu wanda ya ba da umarnin komai amma manhajojin bankuna suka riƙa juyawa, taransfa ta maƙale, daga Ghana har Najeriya ana ta kuka. 'Yan'uwanmu na Nijar ma nasu ya fi wuya don ba su da teku, dole sai ta maƙwabta irin su Benin da Najeriya faibarsu take bi.

Abin da nake son ka riƙe shi ne duk wannan hanyar a hannun kamfanoni ƙalilan take. Mafi yawanmu ta MTN da Airtel da Glo da T2 (tsohon 9mobile) muke hawa, kuma duk cikinsu babu wanda yake aiki sai da lasisin NCC, hukumar da take kula da harkar sadarwa. To babu wani maɓalli a Abuja da mutum ɗaya zai danna, ba ma a buƙatarsa, takarda kawai za a rubuta wa kamfanonin nan, injiniyoyinsu ne za su kashe da hannunsu. Kamfanin da ya zuba biliyoyi a ƙasa ba zai yi jayayya da mai ba shi lasisi a kan cinikin ɗan POS ba, wannan ita ce maganar gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. A Masar ma a watan Janairun 2011 haka aka yi, aka umarci kamfanoni suka janye hanyoyinsu, ƙasar ta yi kusan kwana biyar a rufe.

Toshewa daban, kashewa daban

A 2021 mu a Najeriya mun ga kala biyun duka a shekara ɗaya, shi ya sa nake son yin misali da ita. Ranar 4 ga Yuni ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutu na shugaba Buhari, washegari aka wayi gari shafin ba ya buɗuwa a layukan waya, kuma haka aka zauna har 13 ga Janairun 2022, sama da wata bakwai. Wannan toshewa ce. Intanet ɗinka yana nan, YouTube yana yi, WhatsApp yana yi, kawai dai in wayarka ta nemi adireshin Twitter sai kamfanin layinka ya ƙi ba ta amsa ko ya zubar da saƙon a hanya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta DNS, wato tsarin da yake juya sunan shafi zuwa lambobin adireshinsa, in a nan kawai aka toshe wani lokacin canza DNS zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 ma ya isa. In kuma lambobin adireshin aka toshe, ko aka saka na'urar da take leƙa sunan shafin da kake nema, to nan ne VPN yake shigowa.

Ka ɗauka an kafa shinge a hanya an ce duk motar da za ta je gari kaza a mayar da ita. VPN mota ce rufaffiya da aka rubuta mata sunan wani gari daban, masu shinge ba sa ganin abin da ke ciki sai su bar ta ta wuce, in ta isa can sai a sauke kayanka a ƙarasa da su inda kake so. Amma in gadar da kowa yake bi ce ta karye fa? Rufaffiyar mota da buɗaɗɗiya duk a bakin gada za su tsaya. Shi ya sa lokacin Twitter mutane suka ci gaba da rubutu abinsu da VPN duk da ministan shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu amfani da shafin, haka ma a Chadi da aka toshe Facebook da WhatsApp daga Maris 2018 har zuwa Yulin 2019 zamanin Idriss Deby, da VPN matasa suka riƙa lallaɓawa.

Na Zamfara kuwa kashewa ce. Farkon watan Satumban 2021 NCC ta rubuta wa kamfanoni su kashe duk ƙarafunan sabis na jihar bisa buƙatar gwamnan lokacin Bello Matawalle, aka ce na sati biyu ne, sati biyun nan ya miƙe, Gusau ba ta samu ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba, sannan aka bi da ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wasu a Kaduna. Babu kira, babu tes, babu data, wayarka ta koma tocila da rediyo. Da farko mutane har Funtuwa suke shiga mota su je don kawai su kira ɗan'uwa su ce muna nan lafiya ko su duba alat, na bakin iyaka kuma suka koma neman layukan Nijar. Kuma ba shi ne farau ba, a watan Mayun 2013 da aka saka dokar ta-ɓaci an yi wa Borno da Yobe da Adamawa haka.

Akwai kuma na tsakiya da mutane ba su cika lura da su ba. Wani lokacin data kawai ake ɗaukewa a bar kira da tes, kamar yadda aka yi a Nijar a ƙarshen Fabrairun 2021 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, wajen kwana goma babu intanet a waya. Wani lokacin kuma ba a ɗaukewa, rage masa gudu kawai ake yi yadda rubutu zai tafi amma bidiyo ba zai hau ba, wannan shi ya fi wuyar ganewa don ya yi kama da matsalar yau da kullum. Ni kaina nakan ja wa mutane kunne kar duk sanda netwok ya yi rauni su ce gwamnati ce, don a aikina abin da na fi cin karo da shi masu aikin titi ne sun tsinke faiba, ko dizal ya ƙare a janaretan ƙarfen sabis, ko ɓarayi sun kwashe batura.

VPN ɗin ma wanne?

Nan ne na fi son ka natsu, don tun bayan rikicin Twitter nake ganin wayoyin da ake kawo min da VPN uku ko huɗu a ciki, mai wayar bai ma san sunan kamfanin da ya yi su ba, ya dai ga an rubuta kyauta ne ya sauke, wani ma a guruf aka turo masa fayil ɗin wai na hawa intanet ba data. Sai ka ji yana kukan batir ba ya daɗewa, waya tana zafi, talla tana faɗowa ko'ina. Ka gane, duk sanda ka kunna VPN ka ɗauke amanar da ke hannun kamfanin layinka ne ka miƙa wa mai VPN ɗin, duk abin da ya fita daga wayarka ta hannunsa zai bi. Shi kuma yana biyan kuɗin na'urori da wuta da ma'aikata, in ba ya karɓar komai a wajenka to ka tambayi kanka da me yake biya. Ba zargi ba ne kawai, Facebook da kansa ya taɓa mallakar wani VPN na kyauta mai suna Onavo da yake amfani da shi wajen ganin manhajojin da mutane suke buɗewa, sai da aka yi ta surutu kafin ya rufe shi a 2019.

Kai da kake da manhajar banki da kuɗin mutane a waya abin ya fi tsanani. Shawarata wayar aiki daban, kar ka saka mata kowane irin VPN, in ma dole ne to ka kashe shi kafin ka buɗe banki, don bankuna da yawa in suka ga asusun da kullum daga Najeriya yake shiga yau ya ɓullo daga Jamus ko Amurka sai su ɗauka ɗan damfara ne su hana shiga ko su rufe, kaga ka jawo wa kanka zaryar banki. A ɗaya wayar kuma in za ka saka, ka ɗauko daga Play Store kai tsaye, kuma ka zaɓi wanda aka san masu shi, irin su Proton VPN da yake da tsarin kyauta, ko Psiphon da dama don tsallake toshewa aka ƙirƙire shi. Ka sauke shi tun yanzu da ake zaune lafiya ka gwada ka ga yana yi, don ranar da aka toshe abu sau da yawa shafukan sauke VPN ɗin ma ana haɗawa da su.

Sannan don Allah ka faɗa wa abokin naka VPN ba layar zana ba ce. Layinka an haɗa shi da lambar NIN ɗinka tun tsarin da aka fara a Disambar 2020, ƙarfen sabis ya san yankin da wayarka take ko da VPN ko babu, shafinka na Facebook da sunanka da hotonka yake. In mutum ya yi rubutun da zai jawo masa magana babu abin da VPN ya ɓoye, kuma an sha kama mutane da 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, duk da an yi masa gyara a 2024. Yara da yawa suna kunna VPN su ɗauka sun ɓace, wannan abin yana damuna sosai.

Na san za ka ce Starlink fa? Eh shi daga tauraron ɗan'adam yake karɓowa, ba ruwansa da ƙarfen sabis ɗin unguwa, kuma Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da ya fara aiki a Janairun 2023. Na haɗa wa mutane shi kuma yana yi in akwai wuta tsayayya. Amma da tsada, na'urar da kuɗin wata duk ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba ne, shi ma kuma da lasisin NCC yake aiki. Abin da ya fi wannan ma, ko kai kana da shi kwastomanka da zai yi maka taransfa ko ya ga hoton takalmi ba shi da shi, sana'arka ba da wayarka kaɗai take tafiya ba, da wayoyin mutanen gari take tafiya.

Ra'ayina a kan ɗauke sabis

Ba zan yi kamar ban fahimci masu goyon baya ba. Wanda aka sace masa ɗa, kuma ya san da waya infoma ya kira 'yan bindiga ya ce ga gidan wane, da waya kuma ake cinikin kuɗin fansa, in ya ce a kashe sabis ɗin kowa ya huta ba zan ga laifinsa ba, kuma da farko mutane da yawa a Zamfara sun yi na'am da matakin. Yadda jami'an tsaro suke tsara aikinsu a daji ba fannina ba ne. Amma abin da ido ya gani shi ne an dawo da sabis kuma hare-hare ba su ƙare ba, ɗan bindiga yana da kuɗin sayen wayar tauraron ɗan'adam da oba-oba, yana da babur ɗin da zai hau ya je inda akwai sabis, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne manomin da aka shigo ƙauyensu da dare ba shi da halin kiran kowa, da matar da naƙuda ta kama, da ɗalibi, da kai ɗan POS. Kuma in aka yi ɓarna a wurin da babu sabis ba mai ji sai bayan kwanaki, ko daga ɓangaren wa ɓarnar ta fito.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gwamnatin da take tura mu kan waya ita ce kuma take iya ɗauke ta. An ce a rage riƙe tsabar kuɗi, mun ga yadda aka sha wuya farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da kowa ya koma taransfa dole, JAMB a kwamfuta, neman aiki a intanet, tallafi ta asusun banki. To in ka mayar da abincin mutane kan netwok ai ya tashi daga abin nishaɗi, bai kamata takarda ɗaya ta isa a ɗauke shi ba tare da an faɗi ranar dawowa ba, ba tare da wani alƙali ko majalisa ta duba ba. Kotun ECOWAS ta faɗi irin haka, a 2020 ta ce ɗauke intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa doka, a Yulin 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter a Najeriya ma ya saɓa, a ƙarar da ƙungiyar SERAP da wasu suka shigar. Hukuncin ya zo bayan an riga an buɗe, ba kuma wanda ya biya ɗan kasuwa asararsa, amma ni ina ganin yana da amfani don yanzu akwai abin da za a nuna. Kuma masu sana'a irin taka suna da ƙungiyoyi, in 'yan takara suka zo neman ƙuri'a wannan tambaya ce da ya dace a yi musu baki da baki, in ka hau za ka nemi a ɗauke mana sabis ko a'a.

Maganar zaɓe kuwa kar ka ɗaga hankalinka sosai. A zaɓukan 2015 da 2019 da 2023 ba a kashe wa Najeriya intanet ba, yanzu ma hukumar INEC da kanta tana buƙatar netwok don ɗora hoton takardar sakamako daga na'urar BVAS zuwa shafin IReV, bankuna da kasuwanni ma duk a kai suke, don haka kashe na ƙasa baki ɗaya abu ne mai tsadar gaske ga ita kanta gwamnatin. Wanda ya fi yiwuwa shi ne irin wanda muka riga muka gani, a toshe manhaja ɗaya, ko a ɗauke wa jiha ko 'yan ƙananan hukumomi da sunan tsaro, kuma mu na arewa mu ne muka fi kusa da wannan na biyun.

To me za ka tanada? Lambobin kwastomominka na takalma ka kwafe su a littafi da biro, da lissafin wanda kake bi da wanda yake binka, kar ka bar su a WhatsApp kaɗai. Ka haddace lambar USSD ta bankinka ka kuma tabbatar ka yi mata rajista, don in data kawai aka ɗauke ita tana yi tunda ta hanyar kira take bi, ko da ƙaramar waya mai maɓalli. Layi biyu na kamfanoni daban-daban suna taimako in faiba ce ta tsinke, amma in umarni ne duka za su tafi tare. Kar ka bar jarinka gaba ɗaya a cikin asusun POS musamman in ana tunkarar zaɓe ko an fara raɗe-raɗi a jiharku, ka raba shi, wani a hannu wani a banki, ka kuma bincika ko na'urarka tana karɓar wifi don wasu suna yi. In kuma ranar ta zo netwok yana rawa, kar ka ba wa kowa kuɗi ko kaya da hoton rasit ko tes ɗin alat, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, don a irin ranakun nan ne masu alat na bogi suka fi yawo.